Ba Na'urar Karanta DNA Kaɗai Ake Buƙata Ba

A watan Maris na 2020, 'yan kwanaki bayan ɓullar korona a Legas, cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Christian Happi, ta fitar da cikakken jerin ƙwayoyin halittar cutar, karo na farko a Afirka. Masanan sun sha yabo, kuma sun cancanta. Sai dai da wuya ka ji an ambaci kwamfutocin da suka ɗauki kaso mai tsoka na aikin.

Yawancin na'urorin karanta DNA ba sa bin sa daga farko har ƙarshe. Sai an daddatsa shi gunduwa-gunduwa, kowace tana da haruffa kamar 150 na A, C, G da T, tamkar a yayyaga littafi a ce ka mayar da shi yadda yake. Kwamfuta ce ke wannan harhaɗawa. Ƙwayar korona haruffanta kusan 30,000 ne, ko kwamfutar tafi-da-gidanka za ta iya. Na ɗan Adam kuwa sun kai biliyan 3, kuma bayanan mutum guda kan kai gigabayit 100. To ina ga binciken da ya shafi mutum dubu?

Shi ya sa jami'o'i ke haɗa manyan kwamfutoci masu yawa a ɗaki guda, bisa tsarin Linux. Ɗaliba takan rubuta umarni, ta faɗi ƙarfin da take buƙata da tsawon lokaci, manhaja irin su Slurm ta sa aikinta a layi. Wani aikin sai ya kwana biyu yana gudana. Idan aka ɗauke wuta ana tsaka da shi, babu batir, janareta bai tashi da wuri ba, sau da yawa sai dai a sake daga farko. Na'urar sanyaya ɗakin ma in ta tsaya, zafi ya isa ya kashe komai.

Tun 2012 haɗakar H3ABioNet, wadda Farfesa Nicola Mulder ta Jami'ar Cape Town ta jagoranta, ta gane haka. Ba masana halittu kaɗai ta horar ba, har da masu kula da kwamfutocin.

Nan ne, a ganina, jami'o'inmu ke tuntuɓe. Sayen na'ura a yanka kirtani a ɗauki hoto abu ne mai sauƙi. Riƙe ƙwararren da zai girka manhajoji, ya adana bayanai, ya zauna da ɗalibi su gano inda umarninsa ya karkace, shi ne jan aiki, don kamfanoni na zawarcinsa da albashi mai gwaɓi.

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu amosanin jini, wato sikila, cutar da canjin harafi ɗaya tak ke haddasawa. Duk jami'ar da ke son nazarin irin wannan a gida, ta sa sola, intanet mai ƙarfi da albashin mai kula da kwamfuta cikin kasafinta tun kafin ta yi odar na'ura.