Yadda Za Ka Gane Tsuntsayen Kurmi Ta Hanyar Danginsu

Gabatarwa

Idan gonarka ta koko, goro ko kwakwar manja tana yankin kurmi, kamar jihohin Ogun, Ondo, Edo da Kuros Riba, to kullum kana tare da tsuntsaye iri-iri. Wasu suna yi maka ɓarna, amma mafi yawansu suna yi maka aiki ba ko sisi. Manomin da bai iya bambance su ba yakan watsa guba ko ya ɗana tarko, ya hallaka mai taimakonsa, maɓarnacin kuma ya tsira. Nijeriya tana da jinsin tsuntsaye fiye da 900, haddace su ɗaya bayan ɗaya kuwa abu ne mai wuya. Hanya mafi sauƙi ita ce ka koyi danginsu.

Masana suna tara jinsunan da suka haɗa asali a cikin dangi guda, kuma kowane jinsi yana da suna biyu na Latin, bisa tsarin da masanin ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya shimfiɗa wa dabbobi a 1758. Galibi 'yan dangi ɗaya sukan yi kama a baki, ƙafa, abinci da yadda suke sheƙa.

Abubuwan da za ka lura da su

Kurmi yana da duhu, launi kuma yakan ruɗi ido. Saboda haka fara da baki: gajere ne mai kauri na fasa tsaba, siriri ne na tsotson furanni, ko mai ƙugiya na yagar nama? Sai ƙafa, domin aku da maƙwaƙƙwafi yatsu biyu gare su a gaba, biyu a baya. Sai wurin zama: ƙasa, tsakiyar itace ko ƙololuwa. Daga ƙarshe ka saurari kuka, musamman da sassafe.

Dangin aku, Psittacidae

Bakinsu gajere ne mai ƙugiya. Akun da ka sani, mai launin toka da jar wutsiya, shi ne Psittacus erithacus, kuma yana ƙwai a kogon manyan itatuwa. Kamu da sare daji sun rage shi ƙwarai. A 2016 ƙasashen yarjejeniyar CITES suka hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ka faɗakar da jama'arka.

Dangin cilakowa, Bucerotidae

Duk wanda ya san cilakowa da burtu ba zai ɓata a nan ba. Bakin babba ne mai lanƙwasa, manyan na kurmi kuma suna da tozo a kansa, fikafikansu suna ƙara idan suna tashi. Macen takan toshe kanta cikin kogon itace, ta bar 'yar kafa, namijin yana kawo mata abinci. Suna haɗiye 'ya'yan itatuwa su yar da irin a nesa, da haka daji yake sabuntawa. Ana ganinsu a gandun dajin Okomu da na Kuros Riba.

Dangin kulkulu, Musophagidae

A Afirka kaɗai ake samun wannan dangi. Suna da tukku da doguwar wutsiya, sukan yi gudu a kan rassa. Da yawansu kore ne masu jan fiffike, amma babbansu shuɗi ne, tsawonsa ya kai kimanin santimita 70. 'Ya'yan itatuwan daji ne mafi yawan abincinsu.

Dangin sha-kauci, Nectariniidae

Ƙanana ne masu siririn baki mai lanƙwasa, maza da yawa suna ƙyalli. Suna shan ruwan furanni, suna cin ƙananan ƙwari, suna kuma yi wa kauci barbara. Irin kaucin kuwa mai yauƙi, wasu ƙananan tsuntsaye na dangin Lybiidae, masu kuka kamar bugun maƙera, suna cikin masu liƙa shi a rassan koko da goro. Kashe tsuntsu ba ya maganin kauci. Abin yi shi ne ka sare reshen da ya kama kafin ya yi 'ya'ya.

Dangin marai, Ploceidae

Nan ne kulawa ta fi muhimmanci. Marai mai launin rawaya, wanda ke saƙa sheƙa ɗaruruwa a itace guda, yana cin shinkafa da masara, yana kuma yage ganyen kwakwa. Amma a cikin danginsa akwai malimbe, baƙaƙe masu ja a kai ko ƙirji, waɗanda ƙwari ne babban abincinsu. Ɗaya daga cikinsu, Malimbus ibadanensis, wanda aka fara bayyana shi a 1958, a kudu maso yammacin Nijeriya kawai yake a duk duniya, kuma yana cikin haɗarin ƙarewa. Kafin ka kakkaɓe sheƙa, duba launin mai ita.

Shaho da mujiya

Masu baki mai ƙugiya da kaifin akaifa, dangin shaho da rana, mujiyoyi da dare, suna rage ɓeraye da kurege masu huda kwanson koko. Gubar ɓera da aka zuba barkatai takan kashe su idan suka ci ɓeran da ya ci ta.

Shawara ga malamin gona

Ka riƙe littafi, ka rubuta rana, wuri, siffar baki, launi, kuka da abin da ka ga tsuntsu yana ci. Ka tambayi dattawa da maharba sunansa a harshen yankin. Ka shawarci manoma su bar wasu manyan itatuwan inuwa a gona, su yi feshi bisa ƙa'ida, su kori marai da tsaro da ƙara lokacin da shinkafa ta fara nuna. Kada a ɗauki mataki a kan kowane tsuntsu sai an tabbatar da danginsa da abincinsa.