Kifin Damina da Binciken Tsufa



Duk wanda ya bi ta Ƙofar Kabuga ya ratsa cikin birni ya san halin kududdufi: ya cika da damina, ya ja baya da rani, wani ma ya ƙafe har ƙasarsa ta daddare. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ƙafewar ruwa ba ta kashe duk abin da ke cikinsa. Shaidarsa kuwa ita ce gaiwa, wadda kan shige taɓo ta kwanta har ruwa ya dawo, har ma akan ce jikinta take ci. To, akwai wani ɗan kifi da dabararsa ta sha bamban da ta gaiwa. Shi mutuwa yake yi, ya bar ƙwansa cikin ƙasa. Bari mu kira shi kifin damina.

Wannan kifi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A shekarar 1928 wani masani Bajamushe, Ernst Ahl, ya bayyana wani irinsa da aka kamo a kogin Kiyawa, wajen Katagum. Har yau sunansa a littattafan kimiyya Pronothobranchius kiyawensis, watau ɗan Kiyawa.

Yadda rayuwarsa take shi ne, kafin tafki ya ƙafe, macen takan zuba ƙwai cikin laka. Ruwa ya janye, iyaye su mutu, amma ɗan tayin da ke cikin ƙwan sai ya tsai da girmansa, ya yi wani irin dogon barci na watanni. Da ruwan sama ya sauka sai ya ƙyanƙyashe, ya girma cikin gaggawa, domin tafkinsa ba mai daɗewa ba ne.

Wannan gaggawa ita ce ta jawo hankalin masana. Mai son binciken tsufa yana bukatar dabbar da zai ga haihuwarta da tsufanta da mutuwarta cikin ɗan lokaci. Ɓera yakan kai shekara 2 zuwa 3. Ƙuda da tsutsa kuwa ba su daɗewa, amma ba su da ƙashin baya, saboda haka jikinsu ya yi nisa da namu. Sai ga wani ɗan'uwan kifin Kiyawa, mai suna Nothobranchius furzeri, wanda aka samo a dajin Gonarezhou na Zimbabwe a 1968. Tsawonsa bai wuce yatsa ba. A 2003 wasu masana biyu na Italiya, Valdesalici da Cellerino, suka ba da rahoton cewa nasu bai wuce mako 12 a raye ba. A 2018 kuma aka nuna cewa a daji yakan balaga cikin kwana 14 kacal.

Abin lura a nan shi ne, tsufansa ya yi kama da namu. Launinsa yakan dushe, bayansa ya ranƙwafa, kuzarinsa ya ragu, koyo ya yi masa wuya. Watau abin da ɗan Adam kan yi shekara 70 kafin ya gani a jikinsa, ɗalibi zai gan shi a jikin kifin nan cikin zangon karatu guda. A 2015 masana a Jena ta Jamus da Stanford ta Amurka suka karanta dukkan ƙwayoyin gadonsa. A 2017, a Kolon, aka ɗebi ƙwayoyin halittar da ke cikin hanjin ƙananan kifaye aka ba masu matsakaicin shekaru, sai kwanansu ya ƙaru. Daɗin daɗawa, binciken 2020 ya nuna cewa watannin da ɗan tayi ya yi yana barci cikin ƙwai ba su rage masa komai daga kwanakinsa na gaba. Lalle kifi ba mutum ba ne, kuma ba a ɗauko sakamakonsa a ɗora wa majinyaci kai tsaye, amma yana nuna wa likita inda zai duba.

A ƙarshe, ina jan hankalin ma'aikatan da ke sa hannu a takardun filaye. Tafkin da ya bushe da rani ba kango ba ne. Mai yiwuwa akwai rai kwance a ƙarƙashinsa, kuma in aka cike shi aka yi gini, an binne wannan rai ke nan. Ku kuma ɗalibai, Kiyawa ba nisa gare ta daga Kano ba. Kifin da ke ɗauke da sunanta ya cancanci ku je ku nazarce shi, ku tambayi masunta abin da suka sani game da shi, ku rubuta da Hausa.