Kara-Kara da Tambayar da Ta Kamata a Yi wa Maganin Itatuwa

In aka ambaci unguwar Kara-Kara a yau, abin da ke fara zuwa zukatan mutanen Damagaram shi ne ƙungiyoyin samarin nan da ake kira pale, waɗanda Aïcha Macky, 'yar garin, ta nuna wa duniya a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021. Amma asalin unguwar matsuguni ne na masu cutar kuturta, waɗanda aka ware su a bayan gari don gudun su. Kuma in ana neman cutar da za ta koya mana yadda ake gane ko maganin itace yana aiki ko ba ya yi, da wuya a samu wadda ta kai kuturta.

Dalili kuwa, cuta ce mai yaudarar mai magani da marar lafiya gaba ɗaya. Ƙwayarta, wadda likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano a 1873, tana iya shekara biyar ko fiye a jikin mutum ba ta nuna kanta ba. In ta bayyana, takan taso ta kwanta, tabo ya yi ja ya kumbura, bayan makonni ya lafa da kansa. Duk jiƙon da aka sha a daidai lokacin lafawar nan, shi ke kwashe yabo. Mai maganin ba ƙarya ya yi ba da ya ce ya gani da idonsa. Abin da bai gani ba shi ne yadda da za ta kasance in ba a sha komai ba. Wannan gurbin ne binciken kimiyya yake ƙoƙarin cikewa. Ana tara marasa lafiya masu yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa waɗannan maganin da ake gwadawa, waɗancan a ba su wanda aka riga aka sani, sannan a bi su tsawon lokaci ana rubuta wanda ya warke, da wanda ya koma, da wanda maganin ya yi wa illa.

Mutane da yawa ba su san cewa maganin kuturta na asibiti, kusan shekara 100, na itace ne ba. Man calmugra ake ce masa, ana tatso shi daga 'ya'yan wata bishiya ta Indiya da Bama, inda masu maganin gargajiya suka daɗe suna amfani da shi. Wani likitan Ingila, Frederic Mouat, ya gabatar da shi ga likitocin Turai a 1854. In an sha shi yana tayar da zuciya har a yi amai, in an yi allurarsa yana taruwa a ƙarƙashin fata saboda kauri. Sai wata budurwa baƙar fata 'yar Amurka, Alice Ball, masaniyar haɗa sinadarai a Hawayi, ta gano yadda za a sarrafa shi jiki ya karɓe shi. Ta rasu a 1916 tana da shekara 24, wani ya buga aikin ba tare da sunanta ba, aka yi shekaru kafin a mayar mata da haƙƙinta. Da wannan man aka riƙa yi wa mutane allura a asibitocin kuturta na Afirka ta Yamma, allura mai zafin gaske. Wasu sun sami sauƙi, da yawa cutar ta dawo musu.

Ba raini ne ya kawar da calmugra ba, gwaji ne. A 1941 aka fara gwada wani sabon magani a asibitin Carville na Amurka, kuma wajen 1950 likita John Lowe ya nuna a Uzuakoli, kudancin Najeriya, cewa ƙwayar dafson da ake haɗiya tana aiki, ga ta da araha. Ita ma dafson ba ta tsira ba, domin ƙwayar cutar ta fara gagarar ta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku a 1981. Wannan haɗin ne ake sha yau, wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi ko'ina a duniya, har da cibiyar Danja da ke kusa da Maraɗi. A nan ya kamata mai kushe maganin gargajiya da mai kushe na asibiti su lura, ma'auni ɗaya aka yi wa man itace da ƙwayar Bature.

Akwai itatuwan da suka ci wannan jarrabawa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yaranmu a asibiti yanzu daga wani tsiro dangin tazargade ya fito. Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta sun bi dubban tsofaffin haɗe-haɗen gargajiya kafin su tace sinadarinsa a 1972, kuma sai da suka fahimci cewa zafin wuta yana rage masa ƙarfi. An ba ta kyautar Nobel a 2015. To amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2019 kan dafa ganyen a sha a madadin ƙwaya, saboda ƙarfin sinadarin ya bambanta daga gona zuwa gona da yadda aka shanya shi, kuma magani rabi-rabi shi ke koya wa cuta taurin kai. Kusa da mu, cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya na ƙasar Yarbawa, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta gwada shi kan masu amosanin jini. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. Shi ne maganin da ake kira Niprisan. Abin takaici, harkar kasuwancinsa ce ta durƙushe daga baya.

Sai kuma batun illa, wanda ba a so a ji. Kalmar da ta fi yawo a bakin masu talla da lasifika ita ce, ai ganye ne, ba ya cutarwa. Tunfafiya ma ganye ce, amma ba uwar da za ta bar ɗanta ya sa ruwanta a ido. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda bayan shan wani haɗin rage ƙiba da aka sa wa saiwar wani tsiro daga Sin. Wasu sai da aka yi musu dashen ƙoda, wasu daga baya daji ya kama su a hanyar fitsari. Tsiron nan dangi ɗaya ne da wanda Hausawa ke kira duman dutse. Irin wannan illar ba ta fitowa ranar da aka sha, hanta da ƙoda a hankali suke lalacewa, shi ya sa ba mai danganta ta da jiƙon bara.

Mu a ƙasar Hausa ba rubutaccen sani muka rasa ba. Tun 1916 Dalziel ya tattara sunayen itatuwanmu da Hausa, kuma a 1980 Édouard Adjanohoun da abokan aikinsa suka fitar da kundin itatuwan magani na Nijar. Ɗalibai a Yamai da Zariya da Sakkwato sun yi ta gwada sabara da marke da bagaruwa a ɗakin bincike, a kan ƙwayoyin cuta da ɓeraye. Aiki ne mai amfani, sai dai yawancinsa nan yake tsayawa. Abin da ya kashe ƙwayar cuta a cikin kwalba bai zama maganin mutum ba tukuna, kuma gwajin da ake yi kan mutane, mai cin kuɗi da lokaci, shi ne muka fi ƙaranci a kai. A ganina, Jami'ar André Salifou ta Damagaram da Babban Asibitin garin su ne suka fi dacewa su zauna da masu maganin da ke baje saiwoyi a Kasuwar Dole, a zaɓi haɗi biyu ko uku da aka fi sha, a auna su, a faɗa wa jama'a gaskiyar abin da aka samu ko da ba ta yi wa wani daɗi ba, kuma a rubuta sunan mai haɗin a kan aikin.

Kafin nan, babbar ɓarnar maganin da ba a gwada ba sau da yawa lokaci ne da yake cinyewa. Kuturta ba rantsuwa kan ƙarya ke kawo ta ba, ba kuma gado ba ce, kuma ba ita ke gutsure yatsu kai tsaye ba. Jijiya take kashewa, hannu ya daina jin zafi, ya ƙone ko ya yanke mai shi bai sani ba, miki ya ruɓe. Jijiyar da ta mutu kuwa ba ta dawowa, ko an kashe ƙwayar cutar. Har yanzu ana samun sababbin kamu kusan 200,000 a duniya kowace shekara. Saboda haka ɗan'uwa, in ka ga wani tabo mai haske a fatarka ko ta ɗanka, ka taɓa shi ba a ji, kada ka tsaya shafe-shafe da jiƙe-jiƙe na watanni. Ka tafi asibiti mafi kusa a duba, maganin kyauta ne.