Sa Ido A Kan Cututtuka: Aikin Wane Ne?

 Abin da nake so in yi bayani a kai shi ne wani aiki da ake yi mana kullum a ƙasar Kudan, amma da yawa daga cikinmu ba mu san ana yinsa ba, watau aikin sa ido a kan cututtuka masu yaɗuwa. Ni ma ban san da shi ba sai ran da ciwo ya shigo gidanmu.

A wata damina, ina aji ɗaya, ƙanena wanda bai wuce shekara biyar ba ya tashi cikin dare da amai da gudawa. Kafin asuba idanunsa sun faɗa, in ka tsunguli fatar cikinsa sai ta tsaya ba ta koma ba. Gudawar kuwa fara ce kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Baba ya ce a kai shi asibiti, sai kakarmu ta ce, "Kai dai bari a jiƙa masa saiwa. In ka fita da shi yanzu gari zai ɗauka annoba ta sauka gidan nan, kowa ya guje mu." Baba ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, gara a guje mu da mu yi zaman makoki." Mahaifiyarmu ta goya shi, Baba ya ɗauke su a babur zuwa ƙaramin asibitin garinmu, aka sa masa ƙarin ruwa, Allah ya ba shi lafiya.

Washegari da hantsi sai ga mai unguwa ya yi sallama tare da wani baƙo mai rataye da jaka, yana riƙe da babban littafi. Baƙon nan ya gaida kakarmu da ladabi, ya zauna a tabarma, ya shiga tambaya. Yaushe ciwon ya fara? Me yaron ya ci? Ina kuke ɗebo ruwan sha? Akwai wanda ya yi tafiya kwanan nan? Duk abin da aka faɗa sai ya rubuta. Daga gidanmu ya bi unguwa gida gida, ashe akwai marasa lafiya a wasu gidaje biyar, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, har ma wani dattijo ya riga ya rasu. Da ya haɗa amsoshin sai ya ga dukkan gidajen nan a rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa, wadda ke gangaren unguwa. Aka je aka duba, aka tarar wata salga da ke sama da ita ta cika, ruwan sama yana kwaso ƙazanta yana zubawa ciki. Nan take aka hana ɗiban ruwan, aka zuba wa rijiyoyin unguwa maganin kulorin, aka umarci kowa ya tafasa ruwa kafin ya sha. Ba a daɗe ba ciwon ya tsaya.

Daga baya na tambayi malaminmu na kimiyya ko wane ne mutumin nan. Ya ce shi ne jami'in sa ido a kan cututtuka na ƙaramar hukuma, kuma kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya tana da irinsa. Namu yana aiki ne a sashen lafiya na ƙaramar hukumar Kudan, wadda hedkwatarta ke Hunkuyi. Shi ba ba da magani ne aikinsa ba. Aikinsa shi ne ya san wa ya kamu, a ina, kuma yaushe, domin a gane inda cuta ta fito da inda ta dosa, a tare ta.

To, yaya labari ke tafiya? Abin kamar tsani ne mai matakai. Matakin farko shi ne gida da unguwa, watau iyaye, da mai unguwa, da dagaci, da ungozoma, da wanzami, da mai ɗori, da mai kemis, domin su ne marar lafiya ke fara zuwa wurinsu. Mataki na biyu shi ne ƙaramin asibiti, ko a Likoro ne, ko Doka, ko Garu, ko Zabi, inda malamin asibiti ke rubuta kowane marar lafiya a littafi. Akwai cututtukan da ba a jira da su, kamar kwalara, da sanƙarau, da ƙyanda, da mashaƙo, da shawara mai kisa wadda sauro ke yaɗawa, da zazzaɓin Lassa, da shanyewar ƙafa ko hannu farat ɗaya ga yaron da bai kai shekara 15 ba. Da an yi zargin ɗaya daga cikinsu, ko da mutum ɗaya ne, dole a sanar da jami'in ƙaramar hukuma cikin awa 24. Shi kuma ya zo ya bincika, ya ɗebi jini ko bayan gida ya aika ɗakin gwaji, ya sanar da ma'aikatar lafiya a Kaduna. Daga Kaduna labari ya wuce Abuja, wurin hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, wadda aka kafa a 2011, aka sa hannu a dokarta a 2018. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, ko ba a ga ciwon komai ba a mako, sai an aika rahoto an ce babu. Dalili kuwa shi ne, in aka ji shiru ba za a san ko lafiya ce ta kawo shirun ba, ko kuwa mai rubutu ne ya yi sakaci.

Wannan dabara ta bin sawun cuta ba yau aka fara ta ba. A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, ta kashe fiye da mutum 500 cikin kwana goma. A lokacin mutane sun ɗauka wari ne da iska ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamatan yana tambaya, ya zana su a taswira, sai ya ga yawancinsu a famfo ɗaya suke shan ruwa. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Da malaminmu ya ba mu labarin nan sai na tuna da rijiyar unguwarmu, na ga ashe tambayoyin da baƙon nan ya yi wa kakarmu su ne dai na wancan likita.

Wani zai ce, mene ne na gaggawa don mutum ɗaya ya yi ciwo? Amsa ita ce, annoba da mutum ɗaya take farawa. Iyayenmu ba za su manta da sanƙarau na shekarar 1996 ba, wanda ya mamaye arewacin Nijeriya lokacin zafi, fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. Har ila yau a shekarar 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin arewa ne suka fi jin jiki. Kwalara tana iya ƙarar da ruwan jikin mutum ta kashe shi cikin 'yan sa'o'i, alhali kuwa in an yi hanzari da ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa, kusan kowa yakan tashi. Saboda haka kwana ɗaya da aka yi ana ɓoyo yana iya zama sanadin rayuka da yawa.

In kuwa aka yi aikin sosai, ana iya kore cuta daga ƙasa baki ɗaya. Ku tambayi kakanninmu labarin kurkunu, wanda yakan kwantar da manomi a tsakiyar damina, gona ta cika da ciyawa yana kallo. Da aka bi ƙauyukan Nijeriya aka yi ƙidaya a ƙarshen shekarun 1980, an sami fiye da mutum 650,000 masu kurkunu. Aka sa mutane a ƙauyuka suna kai rahoto kowane wata, aka koya wa jama'a tace ruwan tafki, tsohon Shugaban Ƙasa Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa nan Zariya, ya riƙa zagayawa yana faɗakarwa. Mutum na ƙarshe da aka samu da kurkunu a Nijeriya a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Haka nan shan inna. Duk yaron da ƙafarsa ta shanye farat ɗaya ana ɗibar bayan gidansa sau biyu a aika ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri. Da irin wannan bibiya, da ɗigon rigakafi, aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020, lokacin da aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Duk da haka ba a daina ɗigon ba, domin akwai wani nau'inta da kan ɓullo inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba.

Sa ido bai tsaya a kan marar lafiya kaɗai ba, ya haɗa da muhallin da muke zaune ciki, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kakarmu takan ba mu labarin duba-gari na zamanin En'e, waɗanda in an ji sun shigo unguwa mata kan tashi da sauri su share tsakar gida, su wanke randa, domin in an sami tsutsar sauro a ruwanka sai ka biya tara. Har yanzu akwai duba-gari a ƙananan hukumomi, ko da yake ba a jin tsoronsu kamar da. Su ne ya kamata su duba rijiya, da salga, da mahauta, da abincin da ake sayarwa a kasuwa.

Wani lokaci ma ba ƙwayar cuta ce ke kisa ba, guba ce. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da ke zagaye a jihar Zamfara suka lura yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna farfaɗiya, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu aiki. Da aka gwada jininsu sai aka tarar gubar dalma ce. Mutane ne ke kawo duwatsun zinariya cikin gida suna daka su, ƙurar tana shiga jikin yara. Kimanin yara 400 suka rasu. Da an kai rahoto tun kaburbura na farko, da asarar ba ta kai haka ba.

Mu nan ba mu haƙar zinariya, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Ƙasar Kudan da Makarfi da Ikara ƙasar noma ce, ta rake da tumatir da barkono da masara, kuma maganin feshi ya zama ruwan dare a fadamunmu. Sau nawa muke ganin manomi yana feshi ba takalmi, ba abin rufe hanci, ya gama ya wanke tankinsa a rafin da ake sha? Sau nawa muke ganin galan ɗin maganin ciyawa ya koma na zuba ruwan sha ko man gyaɗa? Ga kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, inda sauro ke hayayyafa, yara kuma su yi wanka su kwaso tsargiya, har wasu suna ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce, alhali ciwo ne mai magani. Ga shanya hatsi a ƙasa a bakin hanya, inda ɓera ke bi ya yi fitsari, kuma ta nan zazzaɓin Lassa ke samun hanya. Ga salga kusa da rijiya, bayan masana sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, kuma salga ta kasance a gangare, ba a sama da rijiya ba.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ina namu aikin? Jami'i ɗaya da babur ɗaya ba zai iya ganin abin da ke cikin kowane ɗaki na ƙaramar hukuma ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In muka ga mutum biyu ko uku a unguwa da ciwo iri ɗaya a lokaci ɗaya, ko yaro mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ƙuraje da jan ido, ko kaji da dabbobi suna mutuwa ba dalili, mu gaya wa iyayenmu a sanar da mai unguwa ko malamin asibiti. A makaranta ma, in aji ya yi ta raguwa saboda ciwo, mu sanar da malamin aji. Mu kuma koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, watau ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a riƙa bai wa mai gudawa a kan hanyar zuwa asibiti.

Iyayenmu kuma ina roƙonku da girmamawa, in baƙo ya zo da littafi yana tambaya, ku ba shi wurin zama, ku gaya masa gaskiya. Ba haraji ya zo karɓa ba, ba kuma tona asirin gida ya zo yi ba. Ciwo ba abin kunya ba ne. Kakarmu da kanta, wadda ta so a jiƙa saiwa, ita ce yanzu in ta ji jaririn maƙwabta yana gudawa take cewa da ni, "Maigida, tashi ka je ka gaya wa malamin asibiti." Ƙanen nan nawa kuwa yana firamare, yana ta ƙiriniyarsa, an kuma ɗaure bakin rijiyar gangare da siminti an yi mata murfi.

Allah ya kare mu daga annoba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.