Sabuwar Babbar Manhaja: A Yi Rububi ko A Dakata?

A ranar 2 ga watan Oktoba na shekarar 2018 kamfanin Microsoft ya fitar da wani babban sabunti na Windows 10 wanda aka yi wa lamba 1809, sai mutanen da suka ƙagu su ga abin da ya ƙunsa suka yi ta rububin sauke shi tun ba a aiko musu ba. Daga cikinsu akwai waɗanda, bayan kwamfuta ta gama juye-juyenta ta farfaɗo, suka buɗe jakar da suke ajiye takardunsu suka tarar da ita wayam, babu wasiƙa, babu hoto, babu lissafin ciniki, alhali kuwa ba su goge kome da hannunsu ba, ba kuma wani ɓarawo ne ya kutsa musu ba. Kafin mako ya zagayo kamfanin ya janye sabuntin, bai sake fito da shi ba sai ranar 13 ga Nuwamba, watau wanda ya yi haƙurin mako shida ya sami abin da na gaba suka samu, ba tare da ya yi asarar ko takarda guda ba.

Da aka bi diddigin al'amarin, sai aka gano cewa illar ta taso ne daga wata 'yar dabara da aka ƙara domin share tsofaffin jakunkunan da ake zaton ba kome a cikinsu, bayan mai kwamfuta ya mayar da ma'ajiyar takardunsa wani wuri dabam. To, ashe wasu sun bar kayansu a tsohon wurin, sai sharar ta haɗa da su. Wani abin takaicin ma shi ne, cikin masu sa kai da ke gwada manhajar kafin a fitar da ita an sami waɗanda suka kai ƙorafi a kan wannan aibin tun da wuri, amma ƙorafin nasu ya nutse a cikin dubban saƙonni, ba a kula da shi ba. Kamfanin ya ce abin bai shafi fiye da ɗaya cikin dubu goma na waɗanda suka saka ba, wannan kuwa mai yiwuwa ne haka yake, sai dai ba zai zama ta'aziyya ga ɗalibin da kundinsa na kammala karatu ya faɗa cikin wannan ɗayan ba.

Babbar manhaja, ko Windows ce, ko macOS ta kamfanin Apple, ko Linux, ita ce ke tsakanin ƙarafunan kwamfuta da sauran manhajojin da mutum ke aiki da su: ita ke raba wa kowace manhaja rabonta na ƙwaƙwalwa, ita ke karɓar abin da aka buga a madannai ta nuna shi a allo, ita ke yi wa firinta magana ta hanyar wasu ƙananan manhajoji da masu gyara ke kira direba. Saboda haka wanda ya canja ta bai canja abu ɗaya ba, ya taɓa duk abin da ke jingine da ita ne a lokaci guda. Kuma tun da yake kwamfutocin da ke duniya ba ƙirar kamfani ɗaya ba ne, kowace da irin kayan cikinta, da irin firintar da aka haɗa mata, da irin manhajojin da aka tara mata shekara da shekaru, babu wani ɗakin gwaji, kome girmansa da yawan ma'aikatansa, da zai iya ƙure waɗannan haɗe-haɗen duka kafin ranar fitarwa. Haƙiƙanin magana, gwajin ƙarshe a kan kwamfutocin jama'a ake yin sa, kuma waɗanda suka riga kowa sakawa su ne masu gwajin, ko sun sani ko ba su sani ba, ba kuwa da lada ba.

Wanda ya san zamanin Windows Vista ba ya bukatar a ja masa dogon bayani. An fitar da ita ga jama'a a ƙarshen Janairun 2007, bayan mutane sun shekara biyar da ɗoriya suna zaune lafiya da Windows XP, ta zo da sabon tsari na yadda direbobin allo da na sauti za su yi aiki, amma da yawa daga masu ƙera waɗannan kayan ba su kammala shiri ba. Sai ka ga mutum ya sayi sabuwar kwamfuta da kuɗinsa masu yawa, ya kai gida da murna, firintarsa ta ƙi bugawa, allon yana ɗaukewa a tsakiyar aiki. Har ƙara aka shigar a wata kotu a Amurka a kan kwamfutocin da aka liƙa musu tambarin cewa za su iya ɗaukar Vista, alhali ba sa iya ɗaukar kome sai mafi ƙanƙantar nau'inta. Babban gyara na farko bai iso ba sai a 2008, lokacin da sunanta ya riga ya ɓaci. Abin lura a nan shi ne, Windows 7 da ta fito a Oktoban 2009, wadda jama'a suka karɓa da yabo, a kan wannan tsarin na Vista aka gina ta. Abin da ya canja shi ne direbobi sun nuna, kwamfutoci sun ƙara ƙarfi, an kuma toshe mafi yawan ɓarakar da mutanen farko suka sha wahalarta. Daga irin wannan ne ma'aikatan da ke kula da kwamfutocin bankuna da manyan kamfanoni suka ɗauki al'adar cewa ba a saka sabuwar Windows sai babban gyaranta na farko ya fito.

Amma mas'alar tana da tafsili, domin ba kowace illa ce jira ke maganinta ba. A Oktoban 2019 Apple ya fitar da macOS Catalina, wadda da gangan aka cire mata ikon tafiyar da tsofaffin manhajoji masu tsarin 32-bit, bayan kamfanin ya daɗe yana gargaɗi. Mawaƙa da masu haɗa sauti, da masu zane, da masu tsofaffin sikana, da yawansu sun wayi gari manhajar da suke cin abinci da ita ba ta buɗewa, kuma wannan ba kuskure ba ne da za a ce gobe ko jibi a gyara, hukunci ne da aka yanke, wanda ko shekara goma mutum ya jira ba za a warware ba. Amfanin jinkiri a irin wannan hali shi ne mutum ya sami sararin yin tahƙiƙi: ya duba manhajojin da aikinsa ya dogara da su ɗaya bayan ɗaya, ya ji ko masu su sun fitar da sabon nau'i, ko kuwa sai ya sake biya, ko sun rufe shago gaba ɗaya.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wurina ita ce, su kansu masu manhajar ba sa gaggawa da mutanen da suke jin nauyinsu. Kamfanin Canonical, mai babbar manhajar Ubuntu, yana fitar da nau'inta mai dogon tallafi sau ɗaya a kowace shekara biyu, a watan Afrilu, amma waɗanda ke kan tsohon nau'in ba a aika musu da goron gayyata zuwa sabon ba sai bayan an fitar da gyaran farko, wanda galibi yakan zo ne wajen watan Agusta. Haka nan Microsoft yana raba manyan sabunte-sabuntensa kashi-kashi cikin watanni, idan kuwa ya gano cewa wata irin kwamfuta tana samun matsala sai ya hana sabuntin isa gare ta har a gyara. To, in mai abu da kansa ya ce a dakata, ban ga dalilin da zai sa mai saye ya tsallake shinge ya je ya ɗauko da hannunsa ba.

Sai dai a nan ne mutane da yawa ke rikita abu biyu da ba su da hukunci ɗaya, har su faɗa wa abin da ya fi wanda suka guda muni. Sabuwar babbar manhaja dabam, ƙananan gyare-gyaren tsaro da ake aikowa wata-wata dabam. A ranar 14 ga Maris na 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a hanyar da kwamfutocin Windows ke musayar fayiloli. Bayan wata biyu, ranar 12 ga Mayu, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta ɓarke ta wannan ɓarakar, tana kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, aka karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitocin. Mafi yawan kwamfutocin da ta kama Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin tana cikin tallafi, kuma maganin yana nan tun watan Maris, sakawa ne kawai ba a yi ba. Malaman fiƙihu suna da ƙa'idar cewa tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan janyo amfani, kuma wannan ƙa'ida ɗaya ita ce ke fitar da hukunci biyu a nan: sabuwar manhaja amfani take alkawarta, saboda haka a dakata a ga ɓarnarta, gyaran tsaro kuwa ɓarna yake tunkuɗewa, saboda haka jinkirta shi sakaci ne, ba ihtiyaɗi ba.

Jinkirin ma yana da iyaka, iyakarsa kuwa ita ce ranar da kamfani ya daina aiko da gyaran tsaro. Ta Windows XP ta faɗo ne ranar 8 ga Afrilun 2014, ta Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, ta Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da ƙarin shekara guda na gyaran tsaro ga wanda ya yi rajista dominsa. Kwamfuta ba ta mutuwa a wannan ranar, tana ci gaba da aiki lami lafiya a zahiri, amma duk ɓarakar da aka gano daga baya a buɗe za ta zauna.

A ƙasashenmu kuwa akwai wasu larurori da ke ƙara wa jinkiri nauyi a kan sikeli. Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa na gwanjo ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso, batirin da yawansu kuma ba ya riƙe wuta ko rabin sa'a. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021, ta gindaya sharaɗin wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, tare da ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama ko makamanciyarta, sharaɗin da ya bar tsofaffin kwamfutoci masu yawa a baya ko da lafiyarsu ƙalau. Masu gyara sun san dabarar ƙetare wannan sharaɗi, kuma takan yi aiki, amma kamfanin ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan kwamfutoci gyara ba. Ga kuma kuɗin data, domin fayil ɗin sabuwar manhajar ya haura gigabait biyar, ga fargabar a ɗauke wuta ana tsakar sakawa. A ɗauki mai shagon buga takardu a bakin ƙofar jami'a a makon da ɗalibai ke miƙa kundinsu: kwamfuta ɗaya, tsohuwar firinta ɗaya wadda ta girmi yaron shagon, janareta yana cin mai a waje, mutum bakwai a kan benci kowa da filashinsa a hannu. Idan ya karɓi tayin sabuwar manhajar da ya faɗo masa a allo a wannan makon, direban firintar ya ƙi, abin da zai rasa ba sabon launin allo zai biya masa ba.

Ba wai ina cewa kowa ya jira ba ne. Mai rubuta manhaja wajibi ne ya saka da wuri, domin ya tabbatar kayansa za su yi aiki kafin masu saye su iso. Haka ma mai gyara, wanda gobe za a kawo masa matsalar. Haka ma mai kwamfuta biyu da ke son buɗe ido, wanda in ɗaya ta ƙi, aikinsa ba zai tsaya ba. Manomi mai hankali in an kawo masa sabon iri yakan ware kunya biyu ko uku a gefen gona ya gwada, ba ya baje gonar da iyalinsa ke ci daga gare ta da irin da bai taɓa ganin damanarsa ba. Wanda ya sayi sabuwar kwamfuta da sabuwar manhaja a kanta shi ma ba shi da abin damuwa sosai, domin masu ƙera ta sun riga sun gwada su tare.

Ga sauran jama'a, ra'ayina shi ne wata uku zuwa shida ba su yi yawa ba, ana nan ana saka gyaran tsaro na tsohuwar manhajar a kan kari, ana kuma sauraron abin da masu irin kwamfutar mutum ke faɗi. Idan lokaci ya yi, a zaɓi ranar da babu aikin gaggawa a gaba, a kwashe takardu da hotuna zuwa wani faifai na waje, a buɗe wasu daga cikinsu a can a tabbatar suna karantuwa, sa'an nan a zare faifan daga jikin kwamfutar kafin a fara, a kuma tanadi wutar da ba za ta yanke ba. Bayan an gama, kada a tsaya kallon kyawun allo. A gwada firinta, da sauti, da kyamara, da madannan da ake buga ƙ da ɗ da ɓ da su, da kowace manhajar da ake neman abinci da ita, tun a ranar farko. Dalili kuwa, Windows tana ajiye tsohon tsarin a wata jaka mai suna Windows.old domin wanda ya yi nadama ya koma, amma kwana goma kacal take riƙe ta, daga nan ta share. Wanda bai gwada firintarsa ba sai ƙarshen wata, komawarsa sai dai a wanke kwamfutar a sake saka kome daga farko.