Yadda Ake Gane Ƙarfin Kamfanin Inshora Kafin A Miƙa Masa Kuɗin Fansho

Wannan bayani ne na wayar da kan jama'a, musamman ma'aikatan da suka kusa ajiye aiki da iyalansu a ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, tun daga Turba har ƙauyukan bakin iyaka, da kuma jami'an da jama'a kan nemi shawararsu. Manufarmu ita ce fayyace hanyar da ake bi a gane ko kamfanin da ya yi alkawarin biyan mutum fansho har ƙarshen rayuwarsa yana da ƙarfin cika wannan alkawari.

Zaɓi biyu da ke gaban mai ritaya

Kamar yadda aka sani, dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka maye gurbinta da ta 2014, ta tanadi asusun ajiya ga ma'aikatan gwamnatin tarayya da na kamfanoni, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom. Wanda bai tabbatar da tsarin da yake ciki ba, sai ya tambayi ofishin ma'aikata na wurin aikinsa.

Idan mai asusu ya yi ritaya, bayan kason da zai iya karɓa a dunƙule, yana da zaɓi biyu. Na farko, ya bar kuɗinsa a hannun kamfanin kula da fansho, a riƙa ba shi wata-wata daga ciki. Na biyu, ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshorar rayuwa, shi kuma ya ɗauki nauyin biyansa muddin yana raye. Wannan shi ake kira anuwiti, wato fanshon rai da rai. Idan mai shi ya rasu kafin cikar shekara 10, za a ba magadansa abin da ya rage na waɗannan shekaru.

Abin lura a nan shi ne, wanda yake tsari na farko yana iya komawa na biyu, amma wanda ya sayi anuwiti ba shi da hanyar dawowa. Mutumin da ya ajiye aiki yana da shekara 60 yana iya cin wannan fansho shekara 20 ko fiye. Saboda haka abin tambaya shi ne, shin kamfanin zai kai wancan lokaci da ƙafafunsa?

Mene ne awon ƙarfin kamfani?

A kasuwanninmu, babu mai ba baƙo shanu bashi sai ya tambayi dillalai da masaukinsa halinsa wajen biya. Haka abin yake a harkar kuɗi. Akwai kamfanoni waɗanda sana'arsu ita ce bincikar littattafan bankuna da kamfanonin inshora, sa'an nan su ba kowane daraja gwargwadon ƙarfinsa na sauke nauyin da ke kansa. A Nijeriya akwai Agusto & Co, wanda aka kafa a 1992, da GCR, da DataPro, dukkansu da rajistar hukumar kula da hada-hadar hannun jari, SEC. A ƙasashen waje akwai AM Best na Amurka, wanda ya fara tun 1899 kuma ya ƙware a kan inshora, da S&P, da Moody's, da Fitch.

Masu awon kan duba jarin kamfani, da irin kadarorin da ya zuba kuɗin jama'a a ciki, da yawan alkawuran da ya ɗauka, da ribar da yake samu, da kuma nagartar shugabanninsa. Ana bayyana sakamakon da haruffa. AAA ita ce ƙololuwa, sai AA, sai A, sai BBB. Daga BBB zuwa sama ake ɗauka a matsayin mai aminci. Daga BB zuwa ƙasa kuwa akwai rauni, kuma yana ƙaruwa yayin da ake gangarawa, har zuwa D, wadda ke nuna an kasa biya. Agusto kan rubuta nasa Aaa, Aa, A, Bbb. Shi kuwa AM Best tsaninsa daban ne, yana farawa daga A++.

Har ila yau, akan haɗa darajar da hasashe, wato ko za ta tsaya yadda take, ko ana sa ran ta hau, ko ana fargabar ta sauka. Kamfani mai A wanda ake fargabar saukarsa yana bukatar a ƙara bincike a kansa.

Abin da ya faru a baya

Ba don tsoratarwa muke wannan bayani ba. A watan Yuni na 2022, Hukumar Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta soke lasisin kamfanonin Niger Insurance da Standard Alliance. A watan Oktoba na 2024 kuma ta sauke shugabannin African Alliance, ta naɗa na riƙon ƙwarya, saboda kamfanin ya kasa biyan masu karɓar anuwiti haƙƙoƙinsu. A Ingila, kamfanin Equitable Life, wanda aka kafa tun 1762, ya daina karɓar sababbin masu hulɗa a shekara ta 2000, domin alkawuran anuwiti da ya ɗauka sun fi ƙarfinsa. Ke nan daɗewa da suna ba su ne ƙarfi ba.

A shekara ta 2025 an sa hannu a kan sabuwar dokar inshora, wadda ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar rayuwa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 10. Bugu da ƙari, ƙa'ida ta wajabta a ajiye kadarorin anuwiti a hannun ma'ajin kuɗin fansho. Duk da haka, a sani cewa hukumar NDIC, mai lamunce wa ajiyar banki, ba ta lamunce wa anuwiti.

Iyakar awon

Daraja ra'ayin masana ce, ba lamuni ba. Kamfanin AIG na Amurka yana cikin rukunin AA har zuwa watan Satumba na 2008, lokacin da babban bankin ƙasar ya cece shi da rancen dala biliyan 85. Sa'an nan galibi kamfanin da aka auna shi ke biyan kuɗin awon, kuma akan sabunta shi ne shekara-shekara, don haka tsohuwar daraja ba abin dogaro ba ce. Darajar da aka liƙa wa alamar NG kuwa tana kwatanta kamfani ne da takwarorinsa na cikin gida kawai.

Haka nan awon bai shafi tsadar rayuwa ba. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma wanda ake biyansa adadi ɗaya kowane wata ya ji a jikinsa, kome ƙarfin kamfaninsa.

Tambayoyi biyar kafin sa hannu

1. Shin kamfanin yana cikin waɗanda NAICOM ta amince su sayar da anuwiti ga masu ritaya?
2. Wane ne ya auna shi, kuma wace daraja aka ba shi?
3. A wace shekara aka yi awon, kuma wa'adinsa bai ƙare ba?
4. A shekarun baya darajar hawa take yi ko sauka?
5. Waɗanda suka riga mu shiga, ana biyansu a kan lokaci?

A nemi amsoshin a rubuce, a kuma gwada kamfani biyu ko uku. Wanda bai iya karanta takardun ba, ya kai wa ɗansa ko wani amintacce, ko a duba masa a shafin intanet na masu awon. Idan wakili ya ce kamfaninsa ya fi kowa biya a wata, amma ya kasa nuna darajarsa, to a dakata, kada a yi cinikin biri a sama. Bambancin 'yan dubbai a wata bai kai a sa gumin shekara 35 cikin haɗari ba.

Daga ƙarshe, muna kira ga hakimai, da dagatai, da limamai, da kansiloli, da jami'an ƙananan hukumomi su isar da wannan saƙo ga jama'arsu, domin matambayi ba ya ɓata. Wanda kuma aka daina biyansa, ya kai ƙorafinsa a rubuce ga NAICOM da PenCom ba tare da jinkiri ba. Allah Ya sa a gama aiki lafiya, a ci gajiyarsa cikin kwanciyar hankali, amin.