Bayani A Kan Baƙon Da Ya Sayi Gida A Dubai

Wannan bayani ne a kan sha'anin sayen gida a birnin Dubai, wanda ke cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, gama maganar ta yawaita a bakin attajirai da matsakaitan 'yan kasuwa na Kano da Kaduna da Maraɗi, tun ba waɗanda suka saba zuwa can saro yadi da zinariya da turare da wayoyin hannu ba. Dillalan gidajen har biyo mutane suke yi, su kama zaure a manyan masaukai na Abuja da Ikko, su baza hotunan benaye a bakin teku, su ce kawo kaɗan yanzu, sauran a biya sannu a hankali. Duk wanda ya ga hotunan nan sai ransa ya biya. Amma Larabawa da kansu suna da karin magana, wai baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, saboda haka ya kamata mai niyya ya san abin da kuɗinsa zai saya masa tun bai zare su daga aljihu ba.

Da fari dai, baƙo ba shi da ikon mallakar gida a Dubai sai a shekarar 2002, lokacin da Shaihu Muhammadu ɗan Rashid Al Maktum, wanda a sa'an nan yake Yarima mai jiran gado, ya ba da izni a sayar wa mutanen ƙasashen waje gidaje a waɗansu unguwanni da aka keɓe. A 2006 aka kafa dokar rajistar gidaje, watau Doka ta 7, aka kuma zana iyakar unguwannin. A cikinsu akwai tsibirin Jumaira wanda aka cike teku aka yi shi da siffar itacen dabino, da unguwar Marina, da kewayen dogon benen nan Burj Khalifa. A irin waɗannan wurare baƙo yana iya mallakar gida ɗungum ba tare da wa'adi ba, ko kuwa ya karɓi aronsa na shekaru har zuwa 99. Mutumin Nijeriya ya san irin wannan aro, domin tun dokar ƙasa ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna ne, takardar da yake bayarwa kuwa yawancinta ta shekara 99 ce. To, lalle ne mai saye ya tambaya wanne ake sayar masa cikin biyun, domin kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Wani abin kuma, tsofaffin unguwannin Dera, inda fatake suka saba sauka kusa da kasuwar zinariya, yawancinsu ba sa cikin wuraren da aka buɗe wa baƙi. Sau da yawa gidan da mutum zai samu yana can nesa da inda ya san hanya.

Gidajen da dillalai suka fi tallatawa su ne waɗanda ba a gina ba tukuna. Ana nuna wa mutum zane a takarda, a ce ga ɗakinsa a hawa na ashirin, alhali kuwa ko harsashi ba a tona ba. Bahaushe ya daɗe da raɗa wa wannan suna, cinikin biri a sama. Mutanen Dubai sun ga ƙarshen irinsa da idonsu. Daga 2002 zuwa 2008 kuɗin gidaje ya yi ta hawa, har mutum ya kan biya kafin alƙalami da safe, bayan 'yan makwanni ya sayar da takardar da riba, bai taɓa taka wurin ba. Da kasuwannin kuɗi na duniya suka karye a ƙarshen 2008, sai kuɗin gidajen Dubai ya faɗi da kamar rabi, gine-gine masu yawa suka tsaya cik. A watan Nuwamba na 2009 babban kamfanin gwamnati mai suna Dubai World ya roƙi masu binsa bashi su yi masa jinkiri, sai da Abu Dabi ta kawo gudunmawar dala miliyan dubu 10 a watan Disamba. Tsibirin dabino na biyu, na Jabal Ali, wanda aka sayar wa mutane gidaje a kansa tun yana zane, ya zauna kango shekara da shekaru, ba a sake ta da aikinsa ba sai a 2023. Yaron da aka haifa ran da ubansa ya biya kuɗin farko, ya isa aure gidan bai tsaya ba.

Gaskiya ne hukuma ta gyara abubuwa da dama. Dokar 2007 ta wajabta wa kowane kamfanin gini ya buɗe asusun amana a banki domin kowane gini, kuɗin masu saye su shiga can, kada a fitar da su sai gwargwadon yadda aiki ya ci gaba. Akwai kuma rajista ta musamman a Ofishin Ƙasa na Dubai inda ake rubuta sunan wanda ya sayi gidan da ba a gama ba. Wanda ya zuba kuɗinsa a asusun amanan nan, ya kuma ga sunansa a rajista, yana da madafa. Wanda kuwa ya danƙa wa dillali kuɗi a hannu, ko ya aika ta wurin wani ɗan'uwa domin an ce ya san gari, to wannan ba shi da abin da zai nuna wa alƙali.

Amma fa dokar da ta tsare mai saye ta tsare mai gini, a nan ne kuwa mutumin Nijeriya ya fi shiga haɗari, saboda da naira yake ciniki, bashinsa kuwa da dirhami aka rubuta shi. Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, dirhami 3.67 a kan dala ɗaya, haka yake tun 1997. A ɗauki misalin ɗan kasuwa wanda ya sa hannu a kan gidan dirhami miliyan ɗaya a farkon 2023, watau kamar dala 272,000. A farashin gwamnati na lokacin, naira 460 a dala, gidan ya tashi kamar naira miliyan 125. A ce ya biya dirhami 400,000, saura 600,000 zai biya kashi-kashi. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 dala ta haura naira 1,500. Ragowar bashin da ya lissafa naira miliyan 75 sai ga shi ya koma wajen miliyan 245, ba a ƙara masa ko taga ɗaya a gidan ba. Ko da a ce tun asali a kasuwar Wapa ta Fagge yake sayen dalarsa, inda ta riga ta wuce naira 700, bashin ya ninka duk da haka, cinikin shagonsa kuwa bai ninka ba.

In ya kasa biya, kamfani zai kai ƙara Ofishin Ƙasa, a ba shi wa'adin kwana 30. In wa'adi ya cika bai kawo ba, kuma ginin ya riga ya wuce kashi 60 cikin 100, doka ta yarda kamfani ya warware ciniki ya riƙe har kashi 40 cikin 100 na kuɗin gidan. A misalin nan kashi 40 shi ne dirhami 400,000, watau duk abin da mutumin ya biya. In ginin bai kai kashi 60 ba, abin da za a riƙe yana iya kai kashi 25. Kamfani bai cuce shi ba a idon shari'a, domin duk wannan yana cikin takardar da ya sa wa hannu, da Larabci da Ingilishi, sai dai ƙila bai ba lauya ya karanta masa ba. Adalci ne kuma a faɗi ɗaya gefen: wanda ya riga ya gama biyan gidansa kafin naira ta faɗi, shi dukiyarsa ta tsira, har ma ta ƙaru in an auna ta da naira. Abin da ya sa mutane ke rububin gidajen ke nan, ba wauta ce ta kai su ba.

Bayan kuɗin gida akwai na gefe. Ofishin Ƙasa yana karɓar kashi 4 cikin 100 kuɗin rajista, tun 2013 da aka ninka shi daga kashi 2, bisa al'ada kuwa mai saye ke ɗaukarsa duka. La'adar dillali kashi 2 ce a gidan da aka saya daga hannun wani. Sa'an nan kowace shekara akwai kuɗin hidimar bene, na masu gadi da shara da na'urar hawa da gyare-gyare, ana lissafa shi bisa faɗin ɗaki, ko da mutum a ciki ko babu. Wanda ya zuba ɗan haya kuma, ran da ya so gidansa domin ya zauna ko ya sayar, sai ya ba shi sanarwar wata 12 a rubuce ta hanyar da doka ta tsara. Ba a yi wa ɗan haya a can abin da ake yi masa a Kurna ko Rijiyar Lemo, a ce ya kwashe kayansa ƙarshen wata.

Babbar magana dai ita ce ta shiga ƙasar. Mutane da yawa suna zaton wanda ya mallaki gida a gari ya zama ɗan gari. A Daular Larabawa sayen gida ba ya ba mutum zama ɗan ƙasa, ɗan da aka haifa masa a can ma baƙo ne kamar ubansa. Abin da ake samu shi ne iznin zama mai wa'adi. A 2019 aka fito da iznin dogon zama wanda suke kira bizar zinariya, a 2022 kuma aka sauƙaƙa sharaɗinsa, aka ce wanda ya mallaki gidan dirhami miliyan 2 yana iya neman iznin shekara 10, a sabunta masa in gidan yana hannunsa har lokacin. Nema ne ake yi, hukuma tana da ikon ta bayar ko ta hana.

Mutanen Nijeriya sun ɗanɗana wannan. A watan Oktoba na 2022 Daular ta daina ba 'yan Nijeriya biza, a cikin watan nan kuma kamfanin jiragen sama na Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya saboda kuɗinsa da suka maƙale, ya rasa dalar da zai fitar da su. Ba a koma ba da biza ba sai 15 ga Yuli 2024, jirgin kuwa bai koma sauka Ikko ba sai 1 ga Oktoba na wannan shekara. Kusan shekara biyu ke nan. Mai gidan da ba shi da iznin zama a fasfonsa, takardar gidansa tana cikin akwati a Kano, mabuɗi yana aljihunsa, amma ba shi da hanyar zuwa ya buɗe ƙofar. Kuɗin hidima kuwa bai daina hawa ba, kashin biyan kamfani ma bai jira shi ba.

Dattawan da suka yi fataucin goro ba za su yi mamakin wannan ba, domin sun ga wanda ya fi shi a ƙasar Gana. Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa sun zauna a zangon Kumasi da unguwannin Ankara tun zamanin kakanni, sun gina gidaje, sun hayayyafa. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busiya ta ba da umarni duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin kwana 14. Mutane suka sayar da gidaje da rumfuna a kan abin da bai taka kara ya karya ba, waɗansu ma suka bar su haka nan suka hau mota. Nijeriya ita ma ta yi wa mutanen Gana da sauran baƙi irin wannan a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Dubai ba ta kori kowa daga gidansa ba, ba a kuma ƙwace wa kowa takarda ba, ƙofar shiga kawai aka rufe. Amma asalin al'amarin ɗaya ne, gida yana bin dokar mallaka, ƙafar mai gida kuwa tana bin yadda gwamnatoci biyu suka kwana da juna.

Akwai kuma dalilin da ya sa ake yi wa kuɗin da ya fito daga Nijeriya kallon tuhuma. A 2020 cibiyar Carnegie ta Amurka ta buga wani bincike wanda ya danganta gidaje kamar 800 a Dubai, masu darajar wajen dala miliyan 400, da 'yan siyasa da manyan ma'aikatan Nijeriya da iyalansu da makusantansu. Tun 2016 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar taimakon juna wajen bin sawun dukiyar sata. Saboda haka ɗan kasuwa mai halaliyarsa ma sai ya amsa tambayoyin banki, ya nuna inda kuɗinsa suka fito, laifin waɗansu ya ja masa dogon bincike. Wanda cinikinsa duka na hannu da hannu ne, ba rasiɗi ba littafin akawu, zai sha wuya a nan ko da ko kwabo bai ci na kowa ba.

Saura maganar gado, wadda mai saye ba ya son tunawa da ita ran da ake miƙa masa mabuɗi. In mai gida ya rasu, gidan da ke Dubai kotun Dubai ce za ta yi hukunci a kansa, Musulmi kuwa bisa shari'ar Musulunci za a raba. Ana rufe asusunsa na banki har sai kotu ta tabbatar da magada. Su magadan sai sun kawo takardar mutuwa da ta aure da ta haihuwa, an buga musu hatimi a Ma'aikatar Harkokin Waje da ofishin jakadancin Daular a Abuja, an juya su zuwa Larabci, sa'an nan su nemi biza ko su wakilta lauya. Mutumin da ya bar mata uku da 'ya'ya goma sha biyar, waɗansu ba su da ko takardar haihuwa, ya bar musu aikin da zai ci watanni da kuɗi masu yawa. Mafi wuya duka shi ne wanda ya ɓoye wa iyalinsa sayen, ko ya rubuta gidan da sunan yaronsa na kasuwa ko wani amini domin kada a sani. Dokar 2006 ta ce ba a lissafa mallakar gida sai wadda aka rubuta a rajistar Ofishin Ƙasa. In amini ya ce nasa ne, sunansa ne a littafi, marayu kuwa sai su nemo hujjar da za ta karya rubutun hukuma, a kotun da ke wata ƙasa, da harshen da ba nasu ba.